Ungulayen Kwatarmu

Kwanakin baya mota ta buge wata akuya a bakin titi, daidai inda nake tsallakawa in je shagon naman ɗana a Tungan Maje. Ba wanda ya san mai ita, ba kuma wanda ya ɗauke ta. Ranar farko ta kumbura. Rana ta biyu masu kai lemo Zuba suka fara toshe hanci in sun zo wucewa. Rana ta huɗu kuwa mai shayin da ke kusa ya kwashe bencinansa ya koma can gaba. Duk sanda na bi ta wurin sai in tsinci kaina na ɗaga kai ina duban sama kamar mai jiran hadari, alhali ba komai a saman nan sai wayoyin wuta da baƙar leda da iska ta ɗauko. A zamanin da na zo ƙasar nan ina saurayi, wallahi akuyar nan ba za ta kwana ba. Kafin a kira la'asar ƙashi kawai za ka tarar, fari tas, ko ƙuda bai sami rabon kirki ba.

Cin rani ne ya kawo ni, kamar yadda ya kawo kowa. Na baro ƙauyenmu na arewa da 'yar jaka da tabarma, na sauka wurin ƙanen mahaifiyata da ke fawa a Zuba. Lokacin babban birnin da ake ta labari bai wuce jar ƙasa da motocin kwangila ba, Zuba kuwa mararraba ce mai rumfunan zana, in ka yi tafiyar shan sigari ɗaya daga kasuwa ka shiga daji. Kwatarmu tana bayan kasuwar: fili ne da aka shimfiɗa wa duwatsu, da rijiya, da tsamiya biyu, da wani busasshen maje da tsawa ta taɓa faɗa wa. Har yau in na rufe ido sautin wurin nake fara ji kafin in ga komai. Bayan sallar asuba wasa wuƙaƙe ne ke buɗe gari, kowa da dutsensa, shau, shau, shau. Sai ƙarar guga tana bugun bakin rijiya, sai kukan sa da ya ji ƙanshin jini ya turje, sai muryar mai yanka da bismillarsa da kabbararsa, sai gatari a kan kututture. A gefe guda matan da ke wanke tumbi da hanji, yawancinsu daga wajen Filato da kudancin Kaduna suka zo, suna ta waƙoƙin cocinsu da harsunansu, mu kuma muna yi musu amshi da shirme don mu ba su dariya. Aikina shi ne jan ruwa, da riƙe ƙafa in ana fiɗa, da zubar da abin da ke cikin tumbi, da shanya fata, in rana ta yi kuma in ɗauki tire in zaga da nama wurin direbobi.

Ungulu ba ta sammako. Sai hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta ɗauki zafi, sannan za ka fara ganin ɗigo-ɗigo a can ƙololuwar sama, wasu daga wajen Dutsen Zuma, wasu daga hanyar Gwagwalada, wasu daga inda ba ka zata ba. Sai su yi ta shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba, har ɗaya ta yanke shawara ta sauko, sauran su biyo ta. Saukarsu tana da ƙara irin ta kakkaɓe tabarma. Ban da wannan ba sa magana. Duk yawansu ba ka jin hayaniya irin ta hankaki. Sai su jeru a kan majen nan da tsamiyoyi, su duƙar da kai kamar dattawa a zaman makoki, su jira. In aka watsa musu tantani da jijiya da guntun hanji sai su sauko suna tafiya da ɗingishi, fuskarsu da take fari-fari ta koma ja wur don zumuɗi. Kafin azahar duwatsun nan sun zama kamar an share da tsintsiya. Ban taɓa jin kwatarmu ta yi warin da na yanzu suke yi ba, masu siminti da famfo da rufin kwano.

Kawu mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana, amma a kan ungulu yana iya ɓata da kowa. Ba a jifarsu a gabansa. Yakan ce, "Leburorin Allah ne, ba su taɓa zuwa aiki suka ce ba su da lafiya ba." Ya san wasunsu ɗaya-ɗaya. Akwai gurguwa, akwai wata da ba ta cin komai sai kowa ya gama, shi ya sa ya sa mata Uwargida, akwai kuma mai farin gashi guda a fiffiken dama, wadda take sauka kusa da ƙafarsa kamar kazar gida. Kullum da hantsi sai ya ajiye wuƙa, ya goge hannu, ya tsaya yana duban itatuwan nan, leɓɓansa suna motsi. Na daɗe ina zaton wuridi yake yi. Ashe ƙirga yake.

Ni kuwa a lokacin ban tsani komai kamar su ba. Saurayi ne ni, ina son a ce da ni wani abu, ga shi 'yan mata masu fura in sun hango ni da tire sai su ce, "Ga abokin ungulu nan." Na sha wanka da sabulu mai ƙanshi har sau biyu a yini, amma sunan bai fita ba. A ganina tsuntsaye ne marasa kunya, masu sanƙo, kuma sun yi yawa har sun zama annoba. Duk inda ka duba a kwata su ne.

Ana nan sai wani mutum ya fara zuwa kasuwa, mai baƙar jaka da tabarau, kowa Oga yake ce masa don ba a san sunansa ba. Sau biyu ya sayi balangu a tirena. Na uku ya ja ni bayan wata mota ya buɗe jakar, sai ga rediyo mai kaset, sabo, da hannun riƙewa da eriya mai tsawo. A duk ɗakin da muke kwana mu shida babu mai irinsa.

"Samari, kana so?" in ji shi.

Na ce, "Oga, wa zai ƙi?"

"Uku kawai nake so cikin tsuntsayen nan naku, da ransu. Masu magani ke nema a kudu da arewa. Dubi yadda suke, kamar ƙasa. Ko uban da ya haife su ba zai gane an taɓa ba."

Ya ba ni ƙullin garin taba, ya koya mini yadda zan cusa shi cikin hanji, ya ce da sun ci za su bugu su kasa tashi. Ya ce ranar Litinin zai dawo. Rediyon kuwa ya bar mini shi tun a ranar, don ya san abin da yake yi.

Ranar Juma'a, da kowa ya tafi masallaci, na yi jinkiri da sunan ina ƙarasa shanya fata. Na watsa hanjin a gindin tsamiya. Ba a jima ba uku suka fara tangaɗi kamar 'yan burkutu, fiffike a ƙasa. Da na matsa na kama ta farko ta yi mini amai a hannu, ta kuma yage ni a wuyan hannu da baki. Ta biyu ba ta ko motsa ba. Ta uku da na juya ta sai na ga farin gashin nan a fiffiken dama. Na gane ta, amma na ce a raina tsuntsu tsuntsu ne. Na kife su da babban kwandon kaji a wani tsohon ɗaki da ake ajiye busassun fatu, na ɗora dutse, na ja ƙyaure. Ko raka'a ɗaya ban samu ba a ranar. Rediyon ma ban more shi ba, yana naɗe cikin tabarmata, don ba ni da amsar da zan bayar in aka tambaye ni daga ina.

Washegari da hantsi Kawu ya ajiye wuƙa ya yi ƙirgarsa. Ya sake yi. Sannan ya zaga bayan tsamiya ya leƙa, ya dawo.

"Mai farin fiffike ba ta zo ba," ya ce, kamar da kansa yake. "Jiya ita ce ta zo, yau mijin ya kamata, ko ita. Babu ko ɗaya."

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Haba Kawu, a wannan taron wa zai ce ɗaya ta ɓace? Ko buhu aka cika da su ba za su ragu ba."

Ya dube ni. Ya dubi tsumman da na ɗaure wuyan hannuna da shi. Ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da yanka. Da yamma na lallaɓa na tura musu ruwa a gwangwani ta ƙarƙashin kwandon, na ji motsinsu amma ban ko tsaya na leƙa ba.

Ranar Lahadi bayan asuba ya ce, "Yau ba fawa. Akwai sa a Paikon Kore da nake so in gani. Ɗauko keke."

Ni ke tuƙi, shi yana zaune a baya da sandarsa a kan cinya. Tsakiyar rani ne, an ƙone ciyawa, ana hango nesa. Ba mu daɗe a kan hanya ba ya ce in ratse ta wata 'yar turba a bayan Tungan Maje, wadda lokacin gidajenta ba su fi a ƙirga da yatsu ba, majen da aka sa mata suna don su kuwa suna nan tsaitsaye. Muka tsaya a gindin wani rimi. Ya nuna sama da sanda. Can a inda manyan rassa suka rabu akwai tarin ƙirare, da wani ɗan kai mai sanƙo ya leƙo.

"Nawa ka gani?"

"Ɗaya, Kawu."

"Duba sauran itatuwan."

Na duba gabas da yamma, na zaga, na dawo na ce babu.

"To, mu je."

Muka yi ta tafiya har gumi ya jiƙa mini riga, muka ƙetare rafin da ya ƙafe, muka wuce gonakin doya da rugar Fulani, sannan ya sake cewa in tsaya. Wani maɗaci ne a bakin kwari, sheƙa ɗaya, tsuntsuwa ɗaya. Ta uku tana kan giginya, sai da muka jingine keken muka taka. Ta huɗu tsohuwa ce, ba kowa a ciki, ya ce masu ita sun shekara biyu ba su dawo ba. Tun ina ɗokin ganin ta gaba har ɗokin ya gushe, domin rana ta kusa tsakiya, mun ci tafiyar da ta fi ƙarfin ƙafa, sheƙa biyar kacal muka gani. A gindin ta biyar ɗin ya ce mu huta. Ya ɓare goro ya ba ni rabi.

"Ranar kasuwar Zuba," ya ce, "in ka tsaya ka ga mutane ba masaka tsinke, duk 'yan Zuba ne?"

Na ce a'a, kowa daga ƙauyensa yake zuwa.

"To wanda ya ƙirga 'yan kasuwa ya ce ga yawan mutanen gari, ya yi ƙarya ko bai yi ba? Kwata kasuwarsu ce. Abin da kake gani a kan tsamiyar nan ba na Zuba ba ne, na ƙasar nan ne kaf, daga nan har inda idonka bai kai ba. In sun tashi kowa gidansa yake nufa, kuma ka ga yadda gidajen suke. Balbela ce ke cika bishiya ɗaya da sheƙa har reshe ya karye. Ita wannan ba ta son maƙwabci." Ya tauna goronsa. "Zabuwa ta zuba ƙwai ya cika ƙwarya, ka kwashe, ta sake zubawa. Ungulu ɗaya take yi. Ɗaya tak, a shekara, in Allah ya sa ya ƙyanƙyashe. Miji da mata suke karɓa-karɓa a kansa. Shi ya sa da rani kake ganin sun ragu a kwata, rabi suna gida. Duk wadda ka gani tana ci a gabanmu yanzu, akwai mai jiranta."

Na tofar da goron. Na tashi na ɗauko keken.

Azahar ta yi muka shiga Paikon Kore. Bai nufi wurin wani sa ba. Ya kai mu ƙarshen gari, gidan wata tsohuwa 'yar Gbagyi, matar wani marigayi abokinsa da yake sayen awaki a wurinsa. Muka tarar ta dawo daga gona da ƙwaryar itace a kafaɗa, irin ɗaukar matansu. Ta sauke, ta yi murna, ta kawo mana ruwa da gasasshiyar doya da manja. Ita Mai Nama take ce masa, shi kuma Mama. Ba su gama gaisawa ba ta kama hannunsa ta ja shi bayan gida, ni ma na bi. A bakin gonarta akwai wani dogon maɗaci da ta hana 'ya'yanta sarewa.

"Mai Nama, tsuntsu na ba lafiya," ta ce da irin Hausarta. "Tun Juma'a ɗaya ya tafi wajen ku, bai dawo ba. Mai farin gashi a hannu ɗin nan. Wannan yana zaune kan ƙwai, rana ya duka shi, bai sauka ba, bai ci ba, bai sha ba. Na sa ruwa a kasko, ya ƙi. Shekara nawa suna nan tun maigida yana da rai. Ko wani mugu ya kashe shi?"

Na ɗaga kai. Ɗayar tana can a kan sheƙar, baki buɗe don zafi, ta ɗan buɗe fikafikai tana yi wa abin da ke ƙarƙashinta inuwa. Ba ƙasa take kallo ba. Sama take kallo, wajen Zuba.

Ban san sanda na durƙusa ba. Na ce, "Mama, ni ne mugun." Na faɗa musu komai, da tabar, da kwandon, da rediyon. Tsohuwar ta riƙe baki ta ce, "Kai, yaro na, kai!" Ba ta ƙara ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kawu kuwa ya ce, "Da rai ka bar su?" Na ce da rai, zuwa jiya da yamma. Ya ce, "To me kake jira? Hau keken, kai kaɗai ka fi sauri. Ni zan biyo motar doya."

Ban taɓa tuƙa keke irin na ranar ba, ban kuma sake ba. Sarƙa ta zame sau biyu, takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi a hanya. La'asar sakaliya na iso. Da na ture ƙyauren ɗakin fatu wani zafi da wari suka buge ni. Na ɗauke dutsen, na ɗaga kwandon. Ɗaya tana kwance ta sandare, wadda ba ta motsa ba tun ranar farko. Tabar ta yi mata yawa. Biyu suna tsugune, idanu a lumshe, mai farin fiffike a cikinsu. Na kwashe su a hannu kamar jarirai, ban ko tuna da bakinsu ba, na kai gindin tsamiya. Na jawo ruwa na zuba a kasko. Na je wurin mai tsire na roƙi ɗanyar hanta, na yayyanka ƙanana na ajiye, na koma nesa na zauna. An daɗe kafin mai farin fiffike ta sa baki a ruwan. Da magariba ta gabato suka yi tsalle da ƙyar suka hau reshen ƙasa. Da safe ina wurin tun kafin a fara wasa wuƙa. Hantsi na yi suka buɗe fikafikai suka sha rana, sannan ɗaya ta tashi ta yi arewa, mai farin fiffike ta yi zagaye biyu a kanmu ta miƙe hanyar Gwagwalada.

Wadda ta mutu Kawu ya sa na haƙa rami mai zurfi na binne, don kada kanta ya shiga jakar kowa. Ba ta da wata alama a jiki, shi ma bai san inda gidanta yake ba. Har yau, da furfurata, nakan tuna cewa akwai wata bishiya a dajin nan da aka zauna a kanta ana duban sama har aka gaji.

Oga ya zo ranar Litinin. Na miƙa masa rediyonsa a gaban mutane, ko kaset ɗaya ban ji da shi ba. Bai yi faɗa ba. Dariya ya yi, ya ce, "In ba ka ba ni ba wani zai ba ni, samari." Kawu bai doke ni ba, bai kai ƙarata gida ba, bai ma sake tayar da zancen ba. Abu ɗaya ya ɗora mini: kullum da hantsi in ajiye abin da nake yi in tsaya kusa da shi in ƙirga da ƙarfi, shi yana gyara mini. Bayan mako guda wani direban motar doya ya kawo mini doya ɗaya ƙatuwa, ya ce wata tsohuwa ce a Paikon Kore ta ce a ba yaron Mai Nama, a ce masa sun koma biyu. Na ci abinci a manyan wurare daga baya, amma ban ci abin da ya kai doyar nan daɗi ba.

Maganar Oga kuwa ta tabbata, sai dai a hankali, yadda ba mai lura. Na gaji ƙirgar bayan Kawu ya koma ga Mahaliccinsa, na yi aure, na haifi 'ya'ya, na zama mai rumfar kaina, ina nan ina yi. Shekara ta zagayo in ga an ragu da biyu, wata shekarar da huɗu. In na faɗa sai abokan sana'a su nuna mini tsamiya su ce, "Ga su nan fa tuli, kai dai ka cika ƙorafi." Gaskiyarsu ta ido, don 'yan da suka rage ɗin ma wuri ɗaya suke taruwa, taron kuwa yana rufe ido. Masu jaka suka yawaita, aka bar garin taba aka koma maganin ƙwari. Masu katako suka bi rimi da maɗaci, masu gawayi suka bi maje, masu filaye suka bi sauran. Busasshen majen kwatarmu ya daina cika, sai tsamiya ɗaya, sai reshe ɗaya. Da aka wayi gari babu ko guda mutane suka ce ai sun koma daji ne. Wanda ya taka dajin nan da ƙafarsa ya san babu wani lungu da aka ajiye tarin ungulu. Mu ne muka yawaita a madadinsu. Gidan hayar da nake ciki yanzu mun fi mutanen Tungan Maje ta wancan lokaci yawa, da Musulmi da Kirista, da mai gadi da ma'aikacin gwamnati, igiyar shanya ɗaya muke rabawa, kuma ba na ƙin hakan, akwai daɗinsa. Amma kwata yanzu sai an kira mota ta kwashe abin da aka zubar, in motar ta ɓaci karnuka da ɓeraye su yi biki. Yaran yanzu suna cewa ungulu ba ta jewar banza, ba su taɓa ganin jewar ba.

Akwai jikata ta wajen babbar 'yata da ke karatu a jami'a, ilimin dabbobi da tsirrai da wuraren zamansu. Ni amarya nake ce mata, ita kuma angona, in ta so tsokana ta ce tsoho mai ran ƙarfe. Da hutun nan ta zo da littafi da biro ta zauna a bakin shagon, ta ce malaminsu ya sa su ƙirga tsuntsaye, kuma an ce mata ni ne na fi kowa daɗewa ina wannan haukan. Ta yi ta bayani da Turanci rabi da Hausa rabi, cewa yawan abu daban, cunkosonsa a wuri ɗaya daban, yadda ya warwatsu a ƙasa kuma daban, wanda ya haɗa su ya ruɗe. Na ce mata wani mahauci da bai taɓa riƙe biro ba ya koya mini wannan a bayan keke. Ta rubuta duk abin da na faɗa, har inda na ce kada ta rubuta.

Da za ta tafi sai ta matso ta rage murya, idanunta suna ƙyalli.

"Angona, in gaya maka wani abu? Mun samu. Sheƙa ɗaya, da uwa da uba, har da ɗa ya fara gashi. Da idona na gani. In kana so ranar Asabar in samo mota in kai ka, ba nisa sosai, bayan..."

Na ɗaga hannu na tare ta.

"Tsaya, amarya. Su nawa suka sani?"

"Ni da malaminmu da wani manomi mai gonar."

"To sun isa. Kin san ni, kullum ina majalisa, tsufa ya sa bakina ya saki. Yau in faɗa wa mai shayi don murna, gobe mai shayi ya faɗa wa direba, jibi mai jaka ya ji. Kada ki gaya mini ko gabas ne ko yamma."

Ta kalle ni. "Ba ka son ganinsu?"

Na ce, "Ina so har cikin raina. Ɗan dai yana ci?"

Ta ce yana ci, har ƙyuya yake wa uwar.

Na shiga shago na yanko hanta mai kyau, rabin tsagi, na ƙulle a leda na ba ta. Ɗana ya buɗe baki zai yi magana na harare shi. Na ce ta kai wa mai gonar, ta ce wani tsoho ne yake gaishe shi, ya ci da iyalinsa, ya kuma yi wa Allah ya bar bishiyar nan a tsaye.